YARANMU SUN SAN DUSAR ƘANƘARA, BA SU SAN HADARIN GABAS BA

Jama'a, yau ina so mu ɗan jingine maganar siyasa da ta tsadar kaya, mu duba abin da ake koya wa yaranmu 'yan shekara 3 zuwa 5 a makarantun nazare game da yanayi. Rubutun yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yi sharhi.

Duk mai yaro a nazare ya ɗauko jakarsa yau da daddare, ya buɗe littattafan da makaranta ta sa shi ya saya, ya nemi shafin da ke maganar lokutan shekara. A da yawa daga cikinsu abin da zai gani shi ne lokuta huɗu na ƙasashen Turai. Ga mutum-mutumin ƙanƙara da hularsa da karas a hanci, ga bishiya ganyenta ya yi ja yana zuba, ga yara sanye da safar hannu suna jifar juna da dusar ƙanƙara. Yaron da aka haifa a Ƙofar Galadima, ko Kwarbai, ko Limancin Kona, ko Anguwan Juma zai haddace sunayen nan huɗu da Turanci tsaf, Anti ta ba shi maki, uba ya ji daɗi wai kuɗinsa bai tafi a banza ba. To ka tambayi yaron mece ce bazara, ko daga wane ɓangare hadari ya fi tasowa a garin nan, sai ya tsaya yana kallon ka.

Akwai ma wata waƙar Turawa da ake rera wa yara a irin waɗannan makarantu, wadda ma'anarta korar ruwan sama ce, wai ya tafi don yaro yana son ya fita wasa. A Ingila, inda ake yayyafi kusan duk shekara, waƙar tana da dalili. Mu kuwa nan, idan ruwa ya ɗauke kwana 20 a tsakiyar damina, liman ne ke jan jama'a zuwa fili a yi sallar roƙon ruwa, kowa hankalinsa a tashe saboda masarar da ke gona. Kakan yaro yana filin idi yana roƙon ruwa, jikansa yana aji yana tafi yana korar sa. Wallahi abin da ban dariya, amma idan ka zauna ka yi tunani, abin takaici ne.

Kuma ba don mun rasa namu ba. Bahaushe ya raba shekararsa tun kafin boko ya zo. Akwai bazara, wajen Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maƙura ana sharar gona. Akwai damina, daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, a tsakiyarta akwai marka, kwanakin nan na Agusta da za a wuni ana zuba rana ba ta leƙo ba. Sai agazari, zafin ƙarshen damina mai nunar da amfanin gona, sai kaka, sai rani wanda hunturu ke cikinsa. Hadari daban, gajimare daban. Yayyafi daban, ruwa kamar da bakin ƙwarya daban. Muna da cida, muna da tsawa, muna da aradu, kowanne da abin da ake nufi da shi. Ga hazo, ga raɓa, ga guguwa, ga bakan gizo. Manomi ya san idan shamuwa ta sauka damina ta ƙarato, ya san gawo na zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa ke tohowa. Wannan duk ilmi ne da aka tara da ido shekara da shekaru, muna ji muna gani yana zubewa tsakanin kaka da jika.

Ilmin zamani bai ƙaryata su ba, bayani ya ƙara a kai. Iska biyu ke musayar ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima, ita ke kawo mana damina. Ɗayar tana zuwa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tashi, ita ce hunturu. Zariya na samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa cikin wata biyar zuwa shida, Agusta ce kan gaba. Manyan hadura masu iska kuwa daga gabas suke tafiya zuwa yamma. Shi ya sa tsohuwa idan ta leƙa ta ga gabas ta yi baƙi, take cewa a kwashe shanya a kira yara. Masana sun tabbatar da abin da take faɗi da na'urori.

Wani zai ce, to duk wannan mene ne abin tada jijiyar wuya, ai suna ne kawai, in ya girma zai sani. A nan ne nake so mu natsu. Maganar ta wuce suna, ta kai ga rai.

Kowa ya san yadda cikin birni yake idan aka yi ruwa mai ƙarfi. Lunguna matsattsu, lambatu cike da ledar fiya wata da shara, ruwa ya rasa hanya sai ya hau titi. Yaro ɗan shekara 4 ba ya bambance inda titi ya ƙare da inda lambatu ya fara, duk ruwa ɗaya yake gani, ga shi kuma ba abin da yake so kamar wasan ruwa. Masana harkar ambaliya sun ce ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. To ina ga yaron da nauyinsa bai kai kilo 20 ba? Ga kududdufai da aka haƙa aka yi gini da ƙasarsu tun zamanin kakanni, da rani fili ne na ƙwallo, da damina su cika su batse. Ga rafin Kubanni da sauran ƙoramun da ke bi ta gefen unguwanni. Ga katangun ƙasa da suka sha marka suka jiƙe, yara na fakewa a jikinsu. Ga wayar lantarki da iska ta tsinko tana kwance cikin ruwa. Ga bishiya, wadda ita ce wurin farko da yaro zai ruga idan ruwa ya sauko, alhali tana cikin wurare mafi haɗari idan ana tsawa. Da wuya damina ta wuce ba mu ji labarin yaron da ruwa ya tafi da shi a wani gari na Arewa ba. Mu yi salati, mu ce ƙaddara, mu wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Haka bazara. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma idan wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa. Ka cusa yara 50 a ɗaki mai rufin kwano ba silin, taga ɗaya, ba fanka, da ƙarfe 12 na rana a watan Afrilu, sannan ka ce yaron ya cika rigima ko barci a aji. A lokacin rani ne kuma sanƙarau ke yaɗuwa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki su ke ba ta hanya. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Arewa. A hunturu kuma ga mura da tari da tashin asma, ga kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, ga yara na jin ɗumi da riga mai kama wuta.

Kuma abin ƙaruwa yake yi. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A watan Afrilun shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Sudan ta Kudu sai da ta rufe makarantunta a watan Maris na 2024 saboda zafi. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a ƙarshen Mayun 2025 kuma ruwa ya ci Mokwa ta jihar Neja, aka rasa sama da mutum 150. Tun a 2021 asusun UNICEF ya sa Najeriya a mataki na biyu, tare da Chadi, a jerin ƙasashen da yaransu suka fi fuskantar haɗarin sauyin yanayi. Waɗannan yaran da ke nazare yau, su za su rayu cikin wannan yanayi shekara 60 ko 70 masu zuwa in Allah ya ba su rai. Ba mu da hujjar fara musu karatu da yanayin ƙasar wasu.

To me za a koya wa ɗan shekara 4? Ba wanda ya ce a zaunar da shi a yi masa lacca. Minti 5 kullum da safe ya isa. Malama ta fito da su tsakar makaranta, ta ce kowa ya ɗaga kai. Yau akwai gajimare ko babu? Fari ne ko baƙi? Ana ganin nesa ko hazo ya rufe? A ɗaura ƙyalle a kan sanda a kafa, su faɗi ina iska ta nufa. Yaron da ya san alƙibla ai ya riga ya san gabas, rabin aikin ya ƙare. A samu bayan kwali a zana kwanakin wata, kullum yaro ɗaya ya zana rana ko hadari ko ƙura a gidan ranar. Ƙarshen wata a ƙirga tare, kwana nawa aka yi ruwa. Ga lissafi ya shigo ba tare da an sha wahala ba.

A yanke gorar ruwa ta roba, a yi mata zane-zane a jiki, a ajiye a fili, bayan ruwa su zo su ga inda ya kai. Ma'aunin ruwan da masana ke amfani da shi a Samaru ma haka yake aiki, nasu dai ya fi daidaito. A jiƙa hankici biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, su ga wanne ya riga bushewa, a tambaye su ina ruwan ya tafi. A kafa kara a zagaye inuwarsa da safe, a dawo lokacin tashi a ga ta matsa. A shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a riƙa ba shi ruwa ɗaya a bar shi. Ga 'yan shekara 5, a koya musu ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. Haske ya fi sauti sauri, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan, don haka idan ƙarar ta biyo walƙiya nan take, abin yana kusa. Duk abin da na lissafa babu na naira 1,000 a ciki.

Sai ƙa'idoji kaɗan da za a maimaita musu har su zauna kamar sunansu. In ka ji tsawa, shiga ɗaki, kar ka tsaya gindin bishiya. Ruwa mai gudu ba a shiga, ko takalminka ne ya faɗa ka bar shi ya tafi. Ba a zuwa bakin kududdufi sai da babba. Waya a ƙasa ba a taɓawa, a je a gaya wa babba. In rana ta take, nemi inuwa ka sha ruwa. In kanka ko wuyanka na ciwo, gaya wa Mama ko Malama nan da nan. Wannan na takalmi ku riƙe shi da kyau iyaye, domin sau da yawa tsoron dukan gida ne ke sa yaro bin silifas cikin lambatu. Ku gaya masa da bakinku cewa ba za a dake shi ba.

Na san abin da za a ce a sharhi, bari in amsa tun yanzu.

Na farko, wai sun yi ƙanƙanta. Yaron da ya haddace Fatiha da ƙananan surori, ya san lambar buɗe wayar uwarsa, ya san sautin mashin ɗin babansa tun daga bakin layi, shi ne zai kasa gane baƙin hadari? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, wai mu Turanci muka biya kuɗi a koya wa 'ya'yanmu. Ba ni da faɗa da Turanci, a koya musu, za su buƙace shi. Na kuma san gwamnatin tarayya da ta amince a 2022 cewa a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta dawo a watan Nuwamban 2025 ta bakin ministan ilmi Tunji Alausa ta soke tsarin, ta ce a koma Turanci. Wannan muhawara ce ta wata rana. Amma ko da wane harshe za a yi darasin, abin da ke cikinsa dole ya zama na sararin samaniyar da ke kan yaron. Ana iya koya masa hunturu da damina da Turanci. Gargaɗin da zai ceci ransa kuwa, a faɗa masa da harshen da yake kuka da shi. Lokacin da ruwa ke jan ƙafarsa ba fassara zai tsaya yi ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, masu cewa hasashen yanayi shiga ilmin gaibu ne. Allah kaɗai ke saukar da ruwa, a kan wannan babu jayayya. Amma manomin da ya ga shamuwa ya fara gyaran garma bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya gani ya yi shiri. Abin da ma'aikatan NiMet ke yi ke nan da na'urori, wani lokaci su dace wani lokaci su kuskure, shi ya sa ake ce masa hasashe. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya tsara saboda farin da ke tafe. Malamanmu na Islamiyya ma suna koya wa yara addu'ar jin tsawa, da ta tasowar iska, da ta saukar ruwa. Abin da nake roƙo shi ne malam ya ƙara jimla ɗaya bayan addu'ar, ya ce to idan ka karanta, ka shige ɗaki. Yawancin yaran cikin birni da makarantar allo da Islamiyya suke farawa, wasu ma ba za su taɓa shiga nazare ba, don haka idan aka bar malaman nan a baya an bar mafi yawan yaran.

Ba malaman nazare nake zargi ba. Da yawansu 'yan mata ne da suka gama sakandare ko NCE, albashin da ake ba su ko kuɗin mota ba ya isa, an miƙa musu littafi an ce su bi. Abin da aka ba su suke bayarwa. Gyaran daga sama zai zo, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne babu garin da ya kai Zariya kayan aikin wannan gyara. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru tun 1922, tana da tashar auna yanayi da lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa. NAERLS na nan, aikinsu ke nan isar da bayani ga manoma da harshen da suke ji. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama na nan tun 1964, kullum da yanayi suke aiki. Tsohuwar FCE da ta zama jami'ar ilmi tana nan tana yaye malamai, ga Cibiyar Ilmi ta ABU. Garin nan ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya, nan NNPC mai buga littattafan Hausa take. A ce duk da wannan, ɗan littafi mai shafi 16 da hotunan shamuwa da hadari da hazo a kan dutsen Kufena bai shiga jakar kowane yaro a birnin Zazzau ba? Haba jama'a.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Hukumar SUBEB ta jihar Kaduna ta haɗa malaman azuzuwan share fagen firamare na Zariya da Sabon Gari da masana daga Samaru, ko na kwana biyu ne kafin damina. Masu makarantun kuɗi su duba littattafan da suke sayar wa iyaye, su kuma sa doka cewa idan hadari ya haɗu lokacin tashi ba a sakin yaro sai ruwa ya tsagaita ko babba ya zo. A bazara a matso da lokacin tashi, a ajiye randa ko bokiti mai murfi a kowane aji. NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, shugabannin makarantu su nema su san abin da ake sa rai. Ranar 23 ga Maris ita ce ranar yanayi ta duniya, ta faɗo daidai tsakiyar zafinmu, a mai da ita ranar da za a gayyato tsohon manomi ko wata kaka daga unguwa ta zauna da yara ta ba su labarin alamomin damina. Masu unguwanni da limamai su yi ta tunatarwa.

Kada kuma wani ya fahimci cewa idan an koya wa yaro gudun lambatu, shi ke nan manya sun sauke nauyi. Yashe magudanai aikin ƙaramar hukuma ne da mu mazauna unguwa. Rufe ramuka da kewaye kududdufai aikinmu ne. Daina zuba shara a kwalbati aikinmu ne, kuma yaron yana kallon wanda ke zubawa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina, mu karɓa mu ba su yadda aka ce. Allurar sanƙarau idan ta zo, mu kai su. Darasin aji kari ne a kan waɗannan.

Iyaye mata, ku ne makarantar farko. Gobe idan kina kwashe shanya saboda hadari, kira ɗan autanki ki nuna masa gabas, ki ce masa ga abin da na gani. Iyaye maza, a kan mashin in za ka kai shi makaranta, tambaye shi yau wane irin gari aka tashi da shi. Wanda kuma ke da makaranta ko yake koyarwa a nazare, ina so in ji daga gare ku a sharhi, me ke hana wannan, me kuma kuka riga kuka gwada. A tura wa shugaban makarantar yaranku ya karanta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuri'a daga sharrin ruwa da iska da wuta, ya ji ƙan waɗanda muka rasa. Amin.

Daga Ƙofar Galadima, Birnin Zariya.